Ganuwar Dutse ta Surame

Wanda ya tashi a Kabara, gab da Gidan Rumfa, bai san ganuwa ba sai ta ƙasa. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, duk kuwa da jar ƙasa aka yi aikin. Haka Katsina, haka Zariya. Amma can yamma da Sakkwato, cikin ƙasar Kabi ta dā, akwai kufai mai suna Surame, inda magina suka jera duwatsu suka ɗaure su da kwaɓi, har yau wani sashe yana tsaye cikin daji.

Mutanen Kabi sun ce aikin Kanta ne, ba su raba shi da kowa. Sun ce ya tara talakawan ƙasashen da ya ci, ko wace kabila da rabonta, Nufawa kuwa da suka makara sai ya sa su kwaɓa nasu da man kaɗanya maimakon ruwa. Labari ne mai daɗin ji, amma labarin baka ne, duwatsun kuwa ba su da rubutu.

To, me littattafai suka ce? Tarihus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta wajen 1655, ya faɗi yadda Kanta ya saɓa da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, wajen 1516, har ya ɓalle. Sai dai Sarkin Leka ya kira shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, cikin Infaƙul Maisuri, ya ba da labarin zamansa a Surame da yadda rundunar Barno ta kewaye garin ta kasa cinsa, shi kuwa ya rubuta kusan shekara 300 bayan Kanta. Saboda haka ba a iya yanke cewa dukan ginin na zamanin sarki guda ne. Sarakunan Kabi sun zauna nan kusan shekara 200, ganuwa kuwa ba ta rasa mai ƙari. Haka nan ko sansanin yaƙi aka nufa tun farko ya zama birni, ko birni aka zana, duwatsun sun yarda da duka biyu.

A farkon ƙarni na 18 Sarki Tomo ya tashi ya koma Birnin Kabi, garin ya mutu. A 1964 Gwamnati ta sa kufan cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta tsare.