Yadda Daren Sabon Garin Kano Ya Samo Asali

Da yawanmu mun sha jin maigida ko samarin gida suna ambaton Sabon Gari, amma ba mu taɓa ganin darensa ba. To, yau ga asalinsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, Yarabawa da Ibo da sauransu. A 1913 Turawa suka yanka musu fili a bayan ganuwa. Da yawansu sun baro iyali a gida, ba mai girka musu. Ke kin sani, a birni abincin sayarwa daga cikin gida yake fitowa, yarinya ta kai talla. Can kuwa sai mata suka buɗe rumfuna, mutum ya zauna ya ci teba ko sakwara. Dokar Turawa ta hana sayar wa 'yan Arewa barasa, amma a unguwar baƙi mashaya da otal-otal suka yi ta ƙaruwa, ana kiɗa har tsakar dare.

Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka haramta giya a 2004, duk da haka daren bai mutu ba. A Yulin 2013 bama-bamai suka tashi a wuraren shaƙatawar unguwar, rayuka suka salwanta.

Saboda haka uwargida, in ɗanki ya ce za shi Sabon Gari, kada ki yi saurin zargi, don akwai kasuwa da neman halal. Amma ki tambaye shi: wurin wa, tare da wa, ƙarfe nawa zai dawo?

Allah Ya shirya mana zuri'a.