Ingancin Hanyoyin Auna Kitsen Jiki: Nazari a Kan Zaton da Aka Gina Lissafi a Kansa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba manyan hanyoyin ƙiyasta yawan kitsen da ke jikin ɗan Adam, inda ta nuna cewa galibin kuskuren da ake samu ya fi tasowa daga zaton da aka gina lissafin a kansa fiye da na'urar da aka yi awon da ita.

Gabatarwa

Babu wata hanya da take auna kitsen mai rai kai tsaye, domin hakan ba ya yiwuwa sai an feɗe gawa an ware kitse daga sauran sassa, saboda haka duk alƙaluman da ake bayarwa a asibiti ko a ɗakin motsa jiki ƙiyasi ne da aka ciro daga awon wani abu dabam. Ma'aunin BMI, wanda Adolphe Quetelet ɗan ƙasar Beljiyam ya assasa a ƙarni na 19 kuma Ancel Keys ya raɗa masa wannan suna a 1972, nauyi da tsayi kawai yake dubawa, don haka ba ya bambance mai tsoka da mai teɓa.

Awon cikin ruwa da ƙa'idar Siri

Hanyar da aka daɗe ana ɗauka a matsayin ma'aunin sauran ita ce awon mutum a cikin ruwa, wadda Albert Behnke na rundunar sojan ruwa ta Amurka ya gabatar a 1942. Ana auna mutum a sarari, sannan a nutsar da shi bayan ya fitar da iskar huhunsa a sake aunawa, a gano cunkoson jikinsa, wato nauyinsa idan aka raba shi da girman gurbin da yake cikewa. Da yake kitse ya fi ruwa sauƙi, mai yawan kitse ba ya nauyi sosai a cikin ruwa. William Siri ya mayar da wannan ƙa'idar lissafi: a raba 495 da cunkoson jiki, a cire 450, abin da ya rage shi ne kason kitse cikin ɗari.

A nan gizo yake saƙa. Ƙa'idar ta ɗauka cewa cunkoson kitse 0.900 ne, na ragowar jiki kuwa, wato tsoka da ƙashi da ruwa, 1.100 ne ga kowa da kowa, alhali bayanan da Josef Brozek ya dogara da su a 1963 wajen tabbatar da adadi na biyun sun fito ne daga gawarwakin maza Turawa uku kacal. A 1984 Schutte da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a jikin samari baƙar fata na Amurka adadin ya kai 1.113, saboda ma'adinan ƙashinsu sun fi yawa. Bambancin ƙanƙani ne a ido, amma mutumin da cunkoson jikinsa yake 1.060 zai fito da kashi 17 a lissafin Siri, idan kuwa aka sa 1.113 a gurbin 1.100 sai ya koma kusan kashi 21. Na'urar Bod Pod, wadda take amfani da iska a maimakon ruwa, ta kawar da wahalar nutso, sai dai ta gaji wannan zato yadda yake.

Hanyoyi masu arha

Awon kaurin fata, inda ake tsunkule fata da kitsen ƙarƙashinta da wani ma'auni mai kama da awartaki, ya dogara ne ga ƙa'idojin da aka daidaita da awon cikin ruwa, kamar ta Durnin da Womersley ta 1974, wadda aka gina a kan mutane 481 a Gilasgo ta amfani da wurare huɗu a jiki. Kuskurensa yakan kai kashi 3 zuwa 4 ko a hannun gwani.

Sikelin lantarki da ya cika kasuwa a yau yana tura lantarki mai rauni ta cikin jiki ya auna turjiyar da ya haɗu da ita, tunda ruwa yana ɗaukar lantarki kitse kuma yana tare shi, sannan ya ɗauka cewa kusan kashi 73 na ragowar jiki ruwa ne. Wanda ya yini da azumin Ramadan a tsananin zafin bazara, ko ya gama zuba gumi, ba zai ba da sakamakon da zai bayar da safe bayan ya sha ruwa ba, alhali kitsensa bai motsa ba. Bugu da ƙari, mafi yawan turjiyar daga hannuwa da ƙafafu take fitowa, don haka ƙa'idar da aka tsara a kan masu gajerun gaɓoɓi takan ƙara wa dogo kitsen da ba shi da shi.

Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya

Na'urar DXA tana haska jiki da hasken eksire mai ƙarfi iri biyu ta raba shi gida uku, ƙashi da kitse da tsoka, amma ita ma sakamakonta yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Masana sun fi aminta da tsarin kashi huɗu, wanda yake auna cunkoso da ruwa da ma'adinan ƙashi kowanne da kansa, ta yadda ba a bar wa zato gurbi mai faɗi ba. Binciken Amy Luke da abokan aikinta na 1997 ya nuna cewa baƙar fatar Amurka sun fi 'yan Nijeriya kitse ko da BMI ɗinsu ɗaya ne, wanda ke nufin ƙa'idar da aka gyara domin baƙar fatar Amurka ita ma ba dole ne ta dace da mutumin Kano ko Maraɗi ba. Muddin ba a gwada wata ƙa'ida a kan al'ummar da ake aunawa ba, adadin da na'ura ta bayar ya fi amfani wajen bibiyar sauyin jikin mutum ɗaya a lokaci da yanayi iri ɗaya fiye da yanke hukunci a kan lafiyarsa.