Iyakar Hukuma da Makarantar Unguwa a Ƙasar Gumel

A zamanin En'e, iyaye a ƙasar Gumel ba su da ta cewa kan inda ɗansu zai yi elamantare. Hakimi ne ke neman yara daga dagatai, har wasu kan ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. Tun kafin nan, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 zuwa 1906 sun shata iyakar da ta bar Maigatari a Najeriya, danginta na arewa kuma a Nijar. Shi ya sa yaro ke koyon Turanci a nan, ɗan baffansa na can yana koyon Faransanci.

A 1976 shirin ilimin firamare kyauta ya kai makaranta ƙauyuka da yawa, aka kuma ɗora kula da ita a wuyan ƙananan hukumomi. A 1991 aka cire Jigawa daga Jihar Kano. Yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kowace da hukumar iliminta.

Wannan rabo ya kawo ofis kusa da jama'a, amma ƙauyen bakin iyaka kan iske makarantar da ta fi masa kusa tana ƙarƙashin wata hukuma. Iyaye kuwa abu uku suke dubawa: nisan da ƙaramin yaro zai taka, ko malami na zuwa aji, da ko lokacin karatun zai bar wa makarantar allo nata. Duk hukumar da za ta gina sabuwar firamare, daga nan ya kamata ta fara lissafi.