Hagu da Dama: Asalin Darasin Akanta Na Aji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a aji ɗaya na sashen kasuwanci a jami'a ya san akwai wani darasi da ba a tsallake shi, wato gabatarwa ga ƙa'idojin lissafin kuɗi, wanda ɗalibai suka fi kira da akanta. Ko tattalin arziki mutum ya zo karantawa, ko harkar banki, sai ya bi ta wannan ƙofa. A makon farko malami zai zana wani abu mai kama da harafin T a allo, ya rubuta debit a hagu, kiredit a dama, ya ce duk abin da aka shigar a ɓangare ɗaya dole a sami takwaransa a ɗaya ɓangaren. Sai a haddace. Mu ma haka muka haddace, da littafin Frank Wood a hammata, littafin da tun 1967 ake ta sake buga shi. Abin da ba kasafai ake tsayawa a faɗa wa ɗalibi ba shi ne, su wa suka zo da wannan ƙa'ida, kuma wace matsala ce ta dame su har suka ƙirƙiro ta. Ni kuwa a ganina, rashin sanin wannan ne ya sa da yawa ke cin jarrabawar, amma su fita ba su san abin da daidaiton hagu da dama yake tabbatarwa ba, da abin da ba ya tabbatarwa.

Labarin dai na ƙasar Italiya ne, tun kafin ta zama ƙasa ɗaya, lokacin da biranen Venice da Genoa da Florence da Pisa kowanne ke cin gashin kansa. Arzikin yawancinsu a kan teku yake. Jiragensu na zuwa Iskandariyya da gaɓar Sham da Arewacin Afirka, su sari kayan yaji da auduga da alharini, su kai cikin Turai. A irin wannan hulɗa ne wani yaro ɗan Pisa mai suna Leonardo, wanda daga baya aka fi sani da Fibonacci, ya bi mahaifinsa zuwa Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, inda ya koyi lissafi da alƙaluman Indiya da Larabawa ke amfani da su. A 1202 ya rubuta littafinsa Liber Abaci, yana nuna wa 'yan kasuwar garinsu yadda ake haɗawa da ɗebewa da canjin kuɗi da waɗannan alƙaluma tara da sifili. Idan mai karatu na son ya san girman wannan aiki, ya gwada ninka XLVII da XIX ba tare da ya mayar da su 47 da 19 ba.

Ba nan take aka karɓa ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta Florence ta hana 'ya'yanta rubuta lissafinsu da sababbin alƙaluman. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne suna da sauƙin sauyawa, domin ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya mayar da sifili shida ko tara. Tun daga farko ke nan, tsoron ha'inci ne ke jan ragamar wannan ilimi.

Akwai masana da ke ganin cewa tsarin gaba ɗayansa daga 'yan kasuwar Musulmi Italiyawa suka ɗauko shi, akwai kuma waɗanda ke musanta hakan. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne alƙaluman ta hannun Musulmi suka shiga Turai, haka ma sana'ar yin takarda, har kalmar da Italiyawa ke kiran kwastan da ita, dogana, daga diwani ta fito. Yarjejeniyar da suke kira commenda, inda wani ke ba da jari wani ya yi tafiya da shi a raba riba, ta yi kama ƙwarai da ƙiradi na littattafan fiƙihu. Kuma kowane almajiri ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. To amma tsofaffin littattafan da suka rage, waɗanda aka shigar da kowace mu'amala sau biyu a cikinsu, na Italiyawa ne. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne wanda Amatino Manucci ya riƙe wa kamfanin Giovanni Farolfi, 'yan Florence masu reshe a garin Salon na kudancin Faransa, tsakanin 1299 da 1300. Sai na ma'ajin birnin Genoa na 1340, wanda a cikinsa har masoro aka buɗe wa shafinsa, aka nuna nawa aka saye shi, nawa aka sayar, da faɗuwar da aka yi.

Mutumin da ya fi burge ni a wannan tarihi ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne mai suna Francesco Datini, ɗan garin Prato. Annobar 1348 ta kashe masa iyaye yana yaro, sai ya tafi Avignon, inda fadar Fafaroma take a lokacin, ya fara da sayar da makamai da tufafi. Kafin ya rasu a 1410 yana da rassa a Florence da Pisa da Genoa da Barcelona da Valencia da tsibirin Majorca. A 1870 aka gano takardunsa jibge a ƙarƙashin wani matakalar bene a gidansa: wasiƙu kusan 150,000 da littattafan lissafi sama da 500. Mai karatu ya tsaya ya yi tunanin halin da wannan bawan Allah yake ciki. Dukiyarsa na hannun mutanen da wasiƙa ke ɗaukar makonni kafin ta isa gare su, kowane gari da irin kuɗinsa da ma'auninsa, kayan da aka saya yau sai bayan watanni za a biya, kuma kowane reshe akwai abokan tarayya masu jiran kasonsu. Littafin bashi irin na mai kanti, wanda ake rubuta wane ya karɓi kaza a soke idan ya biya, ba zai iya gaya masa ko reshen Barcelona riba yake ci ko jari yake cinyewa ba. Dole sai an sami tsarin da kowane kwabo zai nuna inda ya fito da inda ya shiga.

A nan ne ma'anar hagu da dama take. Kalmar debit daga Latin ta samo asali, tana nufin ana bin sa. Kiredit kuma tana nufin ya yarda, wato ya ba da amana. Da farko mutane kaɗai ake buɗe wa shafi: wanda ya karɓa a rubuta ana bin sa, wanda ya bayar a rubuta yana bi. Hikimar da Italiyawa suka yi ita ce suka ɗauki akwatin kuɗi da buhun masoro da jirgin ruwa kamar su ma mutane ne da za a iya bi bashi. Idan Hajiya ta ware naira 500,000 ta buɗe shagon atamfa, sai a rubuta cewa akwatin kuɗin shagon ya karɓa, don haka ana bin sa 500,000, ita kuma Hajiya tana bin shagon 500,000. Idan aka ɗauki 300,000 aka saro kaya, akwati ya bayar, rumbun kaya ya karɓa. Daga nan aka samo jimlar nan da ake sa mu rerawa, cewa kadara daidai take da bashi a haɗa da jari. Wannan kuma shi ne amsar tambayar da ke rikita kusan kowane sabon ɗalibi: me ya sa a aji shigar kuɗi debit ne, amma idan kuɗi ya shiga asusunka banki ya turo maka alat na kiredit? Ai littafin bankin ake karanta maka, ba naka ba. A wurinsa kai ne ka ba shi amana, kai ke bin sa.

Shi kuwa Luca Pacioli, wanda littattafan makaranta ke yi wa laƙabi da uban akanta, ya zo ne bayan 'yan kasuwa sun yi kusan shekara 200 suna aiki da tsarin. An haife shi a Sansepolcro wajen 1447. Yana saurayi ya zauna a Venice a gidan wani attajiri, Antonio Rompiasi, yana koya wa 'ya'yansa uku lissafi, daga baya ya shiga ɗariƙar limaman Kirista ta Fransiskan, ya yi ta koyarwa a jami'o'in Italiya. A 1494 aka buga masa littafin Summa de Arithmetica a Venice, mai shafi sama da 600, wanda ya tattara lissafin zamaninsa. Abin da ya shafi riƙon littafin kasuwa bai wuce shafi 27 ba a ciki, kuma shi da kansa ya faɗa cewa hanyar mutanen Venice yake bayyanawa. Akwai ma wanda ya riga shi rubutu a kai, Benedetto Cotrugli, tun 1458, sai dai nasa bai ga injin ɗab'i ba sai 1573. Sa'ar Pacioli ita ce injin, da kuma cewa ya rubuta da harshen da 'yan kasuwa ke ji, bai tsaya a kan Latin na malamai ba. Bayan shekara biyu zuwa uku ya koma Milan, ya yi abota da Leonardo da Vinci, wanda ya zana masa siffofin wani littafin nasa.

Wanda ya duba waɗannan shafuka 27 zai ga manhajar aji ɗaya kusan gaba ɗayanta. A fara da ƙirga duk abin da aka mallaka da abin da ake bin mutum, a rana ɗaya. A riƙe littattafai uku: na tuni, wanda ko yaron shago zai iya rubuta abin da ya faru a ciki, sai na yau da kullum inda ake tantance wa ke bi wa ake bi, sai babban littafi mai shafin kowane asusu. A ƙarshe a tara hagu a tara dama, in ba su zo daidai ba akwai kuskure, a koma a nemo shi. Daga Venice tsarin ya bi fassara zuwa Holan da Ingila, inda aka buga littafin farko na Ingilishi a kansa a 1543. A Birtaniya ya zama sana'a mai ƙungiya, a Edinburgh a 1854, a Ingila a 1880. Ta wannan hanya ya iso mana: Akintola Williams ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci ta Ingila a 1949, aka kafa ICAN da doka a 1965.

Sai dai akwai wani babi na Pacioli da ban taɓa jin an karanta shi a aji ba. Ya shawarci ɗan kasuwa ya kai littattafansa ofishin hukumar 'yan kasuwa a ƙirga shafukansu a buga musu hatimi kafin ya fara rubutu, domin a cewarsa akwai masu riƙe littafi iri biyu, su nuna wa mai saye ɗaya, mai sayarwa ɗaya, har su rantse a kai. Ashe tun a lokacin an san cewa littafi na iya daidaita tsaf alhali ƙarya ce a ciki. Gwajin daidaito da muke murna idan ya fito a jarrabawa abu ɗaya yake nunawa, cewa an rubuta adadi ɗaya a hagu da dama. Bai san ko an saka shi a shafin da ya dace ba, bai san ko mu'amalar ta faru ba ma. A shekarar da littafin ya fito, 1494, bankin Medici na Florence ya rushe, bankin da ya shahara da iya riƙe littafi tun kafa shi a 1397. Manajojin rassansa na Landan da Bruges sun yi ta bai wa sarakuna bashin da ba zai dawo ba, kuma a takarda bashin da ake bin sarki kadara ce.

Misalin da na fi so a riƙa bai wa ɗaliban aji ɗaya shi ne na kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka, domin wanda ya yi makonni huɗu a darasin ya isa ya gane dabarar. Kamfanin na biyan wasu kamfanoni kuɗin hayar layukan waya. Wannan kashe kuɗi ne na yau da kullum, wanda ya kamata a cire daga kuɗin shiga kafin a ce ga riba. Sai manyan kamfanin suka sa aka riƙa rubuta shi a shafin kadara, kamar an sayi injin da zai yi shekaru yana aiki. Kashe kuɗi a hagu yake zama, kadara ma a hagu take zama, saboda haka hagu da dama ba su taɓa saɓawa ko da dala ɗaya ba, faɗuwa kuma ta koma riba. Wata mai binciken kuɗi ta cikin gida, Cynthia Cooper, da 'yan ofishinta ne suka bi shigarwar ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci da dare, suna neman takardar shaidar kowace, ba su samu ba. A watan Yuni 2002 kamfanin ya amsa cewa an karkatar da dala biliyan 3.8 ta wannan hanya, adadin da daga baya ya kai kimanin biliyan 11. A watan Yuli ya shelanta karyewa, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu da abin da suka tara na fansho a hannun jarinsa, a 2005 kuma kotu ta yanke wa tsohon shugabansa Bernard Ebbers ɗaurin shekara 25.