Daga Zariya Zuwa Toronto: Yadda Ake Cin Moriyar Dogon Ɗan Wasa

Tsohuwar al'adar ƙwallon kwando ita ce a raba aiki bisa tsayi: gajere ya riƙe ƙwallo, dogo ya tsaya ƙarƙashin kwando yana jiran wadda ta faɗo. Wanda ya fi shan wahalar wannan rabo shi ne ɗan wasan gaba mai baiwa da yawa, wanda ya iya gudu da tsaro da miƙa ƙwallo, domin kashi ɗaya kawai ake amfana da shi daga abin da Allah ya ba shi.

Jud Heathcote na Jami'ar Michigan State a Amurka yana cikin waɗanda suka karya al'adar. Ya ɗauki Magic Johnson, mai tsayin mita 2.06, ya damƙa masa ragamar wasa, suka ci kofin jami'o'i a 1979.

Darasin ya taɓa ƙasar Hausa. Masai Ujiri ya tashi a Zariya, inda Ba'amurke Oliver Johnson ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ya karɓi jagorancin Toronto Raptors a 2013, kuma a 2016 ƙungiyar ta zaɓi Pascal Siakam, ɗan Kamaru, a matsayi na 27. A Jami'ar New Mexico State, yawancin aikin Siakam kusa da kwando yake. A Toronto aka sakar masa mara: ya tsare dogo da gajere, ya ɗauko ƙwallo daga kwandonsu ya ruga da ita zuwa na abokan hamayya. A 2019 ya ci maki 32 a wasan farko na zagayen ƙarshe da Golden State, Toronto kuma ta ɗauki kofin NBA karo na farko.

Abin da wannan tarihi ke faɗa wa mai horarwa a kwalejojinmu, daga Samaru har Talata Mafara da Maradun, a fili yake. Idan ya samu dogon yaro, ya koya masa sarrafa ƙwallo da jifa daga nesa tun da wuri, ya riƙa sauya masa wanda zai tsare, ya kuma yi haƙuri da kurakuransa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka kafe ƙarƙashin kwando zai iya ciyo kofin bana, amma ranar da ya gamu da waɗanda suka fi shi tsayi, ba shi da wata dabarar da zai koma gare ta.