Allon Ƙofar Gidan Kallo: Tarihin Sinima a Zangonmu



A wata kwana ta unguwarmu ta Nima, a birnin Akra da iyayenmu ke kira Ankara, akwai wani ɗaki mai rufin kwano da benci goma sha biyu, wanda samari ke kira gidan kallo. A ƙofarsa an jingine baƙin allo. Duk ranar Litinin mai wurin yana goge shi, ya rubuta da alli abin da za a nuna a makon. Na wannan makon abu huɗu ne: ci gaban shirin Labarina na Kano, da wani fim ɗin Indiya da aka juya shi Hausa, da wasan 'yan Kumasi cikin Tonanci, sai ƙwallon Ingila ranar Asabar da yamma.

Wannan allo ne ya kawo ƙara gaban mai girma Sarki. Wasu iyaye sun zo suna neman a rufe wurin, domin 'ya'yansu na tsallake karatun dare su tafi can. Mai wurin kuma, saurayi mai mata da 'ya'ya biyu, ya ce da kuɗin shiga yake biyan haya yana ciyar da mahaifiyarsa. Mai girma ya saurari kowa, ya ɗage magana zuwa bayan Juma'a mai zuwa, ya umarce mu, mu masu riƙe masa takardu, da mu zauna da dattawa mu tattaro yadda wannan al'amari ya faro. Ya ce ba a yanke hukunci a kan reshe ba a san saiwa ba. Abin da muka tattaro shi ne muke so mu shimfiɗa muku.

Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su wannan ƙasa. Daga Kano da Katsina da Kabi suke tasowa da jakuna zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi a Salaga su ɗauki goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da bakin teku. A Akra, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta taso a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Nishaɗin mutanen wancan zamani kiɗa ne da dambe da kokawa da tatsuniyar dare. Mai kiɗa nasu ne, mai labari nasu ne, harshen ma nasu ne.

Hoto mai motsi ya shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta 'yan kasuwa. A shekarun 1920 wani attajirin ƙasar, Alfred Ocansey, ya buɗe gidan Palladium a Akra, daga baya kuma 'yan kasuwar Lebanon da na Indiya suka mamaye harkar. Ta biyu ita ce ta gwamnati. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun sa motoci suna zagaya gari da ƙauye, a kafa farin ƙyalle a fili a haska labarin yaƙi da wa'azin tsafta da biyan haraji. Wannan shi ne majigi, kyauta ake kallonsa, amma abin da hukuma ke so a sani shi kaɗai ake nunawa. A 1948 aka kafa sashen shirya fim na Gwalkwas, wanda ya fitar da The Boy Kumasenu a 1952. Bayan samun 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah ya ɗauki fim a matsayin makamin gina ƙasa: a 1964 aka kafa hukumar fina-finai ta Gana, a 1965 kuma gidan talabijin ya fara aiki.

A wannan zamani ne kusan kowace unguwa ta samu gidan sinimarta. Akwai Rex da Opera a tsakiyar gari, da Orion a Sakul, da Roxy da Globe a Adabraka, da Regal a Osu. Mu kuma a Nima muna da Dunia. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje ba su da rufi, katanga ce da allo da kujeru, don haka sai rana ta faɗi ake farawa, idan hadari ya taso kowa ya yi ta kansa.

Malamanmu ba su taɓa sakin jiki da wurin ba, kuma suna da hujja. Lokacin kallo yana cin lokacin Magariba da Isha'i, duhu kuma yana haɗa mutumin kirki da ɗan iska a benci ɗaya. Ga kuma labarin da fatake suka kawo daga gida: a 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ta Kano, mutum fiye da 300 suka rasu, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Saboda haka idan aka ambaci Dunia ta Nima, dattawa kan ce sunanta ma ya ishe ta shaida. Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1970 ba za mu yi ƙarya ba: da yawanmu mun sha bulalar malam a kanta. Mukan tara 'yan kuɗin aike, mu jingine allo bayan tsangaya, mu sulale. Washegari malam ba ya buƙatar mai tsegumi, gyangyaɗi ne ke tona mu.

Me ya ja mu? Fina-finan kaboyi na Amurka sun yi tashe, na Bruce Lee ma haka, har kowane lungu ya samu yaron da ke ihu yana harbin iska. Amma wanda ya zauna a zuciyar Zango shi ne na Indiya. Iyayenmu sun kalli Albela na 1951 da Mother India na 1957, mu muka tarar da Sholay na 1975 da Disco Dancer na 1982. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, duk da haka babu wanda labari ya ɓace masa. Mace mai lulluɓi, ɗa mai durƙusa wa uwa, uba mai tilasta wa 'yarsa auren mai kuɗi, talaka da mai ba da bashi: duk waɗannan mun san su a gidajenmu. A kowane benci kuma akwai wanda ya kalli fim ɗin sau goma, yana fassara wa maƙwabtansa da Hausa, yana ƙara gishirinsa. Shekaru da yawa kafin 'yan Kano su fara ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiya, mu muna da namu tafinta a Dunia.

Akwai wani abu da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin. Muna kallon wasu, ashe wasu ma suna ɗaukar hotonmu. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya biyo 'yan ci-ranin Nijar zuwa Gwalkwas da kyamara. Ya ɗauki bikin 'yan bori masu aljanun da ake kira Hauka a bayan garin Akra, fim ɗin ya fito a 1955, hukumar Ingila ta hana nuna shi a nan domin aljanun gwamna da hafsoshinsa suke kwaikwaya. Ya kuma yi Jaguar, labarin samari uku da suka taso daga Nijar neman arziki, ɗayansu ya kafa tebur a kasuwar Kumasi. Waɗannan fina-finai har yau ana karantar da su a jami'o'in Turai da Amurka. Kasuwar da kakanninmu suka ci, da irin rigunan da suka sa, suna nan a ajiye a Faransa, jikokinsu kuwa ba su taɓa gani ba.

Abin da ya durƙusar da gidajen sinima ba wa'azi ba ne, siyasa ce da talauci. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Zanguna suka yi shiru, gidaje suka koma kango, har waɗanda aka haifa a nan wasunsu suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fitar dare, wadda ta kai har 1984. Sana'ar da sai dare take ci, ina za ta kai? A 1983 kuma ga fari, ga gobarar daji, ga 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya. Mai neman abin kai wa baka ba ya sayen tikiti.

Cikin wannan hali bidiyo ya iso. Duk mai talabijin da na'urar kaset da ɗan janareta ya zama mai sinima. Masu zane suka riƙa ɗinka buhunan fulawa suna zana tallar fim a kai da fenti, zanen da yau masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje ke saye da tsada. A 1987 William Akuffo ya fitar da Zinabu, wanda ake lissafa shi cikin na farko da aka ɗauka da kyamarar bidiyo a Gana. Ku lura da sunan: Zainabu ce tamu, amma a labarin mayya ce. Ko da sunanmu ya hau allo, ba mu ne muka rubuta abin da zai faɗa ba. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin 100 na hukumar fina-finai ga wani kamfanin Maleshiya. Tsofaffin gidajen sinima kuwa wasu suka koma majami'u, wasu ɗakunan ajiyar kaya, wasu aka bar su ga ɓera. Da sinima ta dawo a 2008, a katafaren kantin Accra Mall ta sauka, mai sanyi da kujerun alfarma, da kuɗin shigar da ɗan Zango zai yi cefanen kwana biyu da shi.

Amma bidiyon nan ya kawo mana wani alheri da Dunia ba ta taɓa kawowa ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, a ƙarshen shekarun kuma Sangaya ya cika gari. Kaset ya riƙa biyo motocin Legas ta Kwatano da Lome har tasharmu. Iyayenmu mata, waɗanda mutunci bai taɓa barin su taka ƙofar sinima ba, suka zauna a tsakar gida suna kallon mutane masu irin sunansu suna magana da harshensu. Kowa ya san Hausarmu ta Gana ta sauke wasu kaya a hanya, har mukan ce "ya zo" ko da mace ce ta zo. Yara da yawa a bakin 'yan wasan Kano suka fara jin "ta zo" da "kin ji", da karin maganar da kakanninsu suka tafi da ita kabari. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 ya ƙara ƙarfin wannan igiya.

To, mu koma ga allon nan na ƙofar gidan kallo. Abu huɗu ne a kansa, kowanne da zamaninsa: Indiya gadon Dunia ce, Kano gadon kaset ce, Kumasi shaidar maƙwabtaka ce, ƙwallo kuma ta tauraron ɗan'adam ce. Wanda babu shi ne na biyar. Babu Nima a kan allon Nima. Shekara kusan ɗari muna biyan kuɗi mu kalli labarin wasu, namu kuma sai in an yi rikici a ambace mu a labaran yamma.

Ba don abin ya gagara ba ne. A 2018 an yi Azali, yawancinsa da harshen Dagomba, a kan yarinyar arewa da ta faɗa dakon kaya a Akra, shi ne kuma fim na farko da Gana ta tura gasar Oscar. A 2024 Nijeriya ta tura Mai Martaba, fim ɗin Hausa. Mu ma ba baƙin adana tarihi ba ne. Alhaji Umaru na Kete-Karachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta zuwan Turawa da halin zamaninsa da Larabci da ajami, shi ya sa har yau ake jin muryar Zango ta wancan lokaci daga bakin ɗan Zango. Alƙalamin zamaninsa ya riƙe. Alƙalamin wannan zamani yana aljihun kowane saurayi.

Ga shawarar da za mu kai gaban mai girma, hukunci kuwa nasa ne. Kukan iyaye gaskiya ne, kuma karatun yaro ya fi kowane kallo. Sai dai idan aka rufe ɗakin, kallo ba zai tsaya ba: zai koma cikin waya, ƙarƙashin bargo, inda babu babba mai tsawatarwa, babu maƙwabci mai cewa a sauya. A Dunia ko ba komai idon jama'a yana kanmu. Don haka muna ganin a bar wurin bisa sharaɗi: a kashe na'ura lokacin salla, kada a shigar da yaro lokacin makaranta ko karatun dare, kuma wani dattijo ya riƙa duba allon duk Litinin. Sa'an nan mai wurin ya ba unguwa dare ɗaya a wata. A daren nan a haska abin da samarinmu suka ɗauko daga bakin tsofaffinmu: wanda ya ga korar 1969, da wadda ta yi tallar goro a tasha shekara arba'in, da wanda ya san inda ƙofar Dunia take. A cikin dattawa bakwai da muka zauna da su domin wannan rubutu, biyu ba sa iya fita ko masallaci. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Duk wanda ke da tsohon hoto, ko tikiti, ko kaset, ko wani abin da ya tuna game da gidan sinimar zangonsu, a Kumasi ne ko Tamale ko Takoradi, ya taimaka ya sanar da mu kafin Juma'a. Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.