Malaman Musulunci biyu da littattafan Hindu

Yawancinmu mun san Indiya ne ta finafinai, yoga kuma mun ɗauke ta motsa jiki kawai. Amma a littafin Patanjali, wanda shi ne tushen wannan ilimi, yoga matakai 8 ce, zaman jiki ɗaya ne kurum daga cikinsu. Sauran sun haɗa da kame kai daga ƙarya da cutar da rai, daidaita numfashi, da tattara hankali har zuciya ta natsu.

Kun san wa ya fara kawo wannan littafi cikin Larabci? Malami ne Musulmi, Abu Raihan Al-Biruni, wanda aka haifa a 973 a Khawarizm, cikin Uzbekistan ta yau. A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci garinsu da yaƙi, ya tafi da shi. Can ya zauna da malaman Hindu, ya koyi harshensu na Sanskrit, ya fassara Patanjali, sannan wajen 1030 ya kammala babban littafinsa kan Indiya. Bai bar addininsa ba, kuma bai yi masu ƙage ba. Ya rubuta cewa masu iliminsu sun yarda da Ubangiji ɗaya, alhali gama-garin mutane sun fi riƙe gumaka. Har ya faɗi gaskiyar da ba daɗin ji: hare-haren Mahmud ne suka ƙara cusa masu ƙin Musulmi.

Bayan fiye da shekara 600 sai ga Dara Shikoh, babban ɗan Shah Jahan da ya gina Taj Mahal. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, wannan dai da muka sani a ƙasar Hausa. Shi kam ya zarce Al-Biruni. A littafinsa Majma'ul Bahraini ya nemi nuna cewa Sufaye da masanan Hindu abu guda suke nufi, kalmomi ne suka bambanta. A 1657, da taimakon malaman birnin Banaras, ya fassara kusan Upanishad 50 zuwa Farisanci. Daga wannan fassara ce wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, ya mayar da su Latin a 1801 zuwa 1802, Turai ta karanta su.

To amma ƙarshensa bai yi kyau ba. Ƙanensa Aurangzeb ya kada shi a yaƙin neman sarauta, aka tuhume shi da ridda, aka kashe shi a Delhi a 1659. Har yau ana gardama: aƙida ce ta ci shi, ko kuwa gadon mulki?

Mu a namu gani, mutum na iya ƙin yarda da Dara Shikoh cewa addinai duk ɗaya ne. Sai dai hanyar Al-Biruni ba ta da abin zargi: ka san abin da maƙwabcinka ya yi imani da shi daga bakinsa, kafin ka yanke masa hukunci. Ku fa, me kuka gani?